Filin Jirgin Saman Yamai: Tarihin Ƙofar Ƙasar da Ba Ta da Teku

Mai karatu, in kana zaune a Harobanda, ko Kirkisoy, ko Saga, ba sai an gaya maka Yamai tana da filin jirgin sama ba. Ƙarar jirage ta ishe ka labari, don sau da yawa wanda zai sauka ta bisa kogi yake biyowa, ya miƙe gabas, ya dira a filin da ke gefen hanyar Doso. Amma da za a tambaye ka yaushe jirgi ya fara zuwa garin nan, wa ya kawo shi, don me aka ƙara wa filin girma a shekara ta 2019, kuma wa zai biya kuɗin aikin, me za ka ce? Abin da za mu bi ke nan daki-daki a wannan karo.

Maganar ta shafe ka ko da ba ka taɓa taka matakalar jirgi ba. Ƙasarmu ba ta da teku. Daga Yamai zuwa bakin ruwan Kotonu tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, kuma sai an ratsa ƙasar wasu. Faɗin Nijar kuwa ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, har mutumin Difa yana cin fiye da kilomita 1,300 kafin ya iso babban birni. Ƙasa irin wannan, filin jirginta shi ne ƙofarta ta fita duniya kai tsaye. Ta nan alhazai ke tashi, ta nan ɗalibai da ƴan kasuwa da marasa lafiya ke fita, ta nan allurar rigakafi da maganin gaggawa ke shigowa. Saboda haka ya kamata mu san wa ya gina ƙofar, kuma makullinta yana hannun wa.

Kafin jirgi ya zo

Kakanninmu matafiya ne tun fil azal. Ayarin raƙuma yana zuwa Bilma ɗaukar gishiri, fatake suna zuwa Gwanja sayen goro, wasu suna ƙetare hamada har Tarabulus. Amma tafiyar da ta fi kowace nisa ita ce ta aikin hajji. Mai niyya yakan yi sallama da iyalinsa kamar ba zai komo ba, ya biya bashin da ake bin sa, ya bar wasiyya. Sa'an nan ya kama hanyar gabas, ta Barno da Wadai da Darfur, yana tafe yana tsayawa noma ko ƙodago don ya sami guzuri, har ya kai bakin Bahar Maliya. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani kuwa can zai yi aure ya zauna. Shi ya sa har yau akwai Hausawa da Fulani masu ɗimbin yawa a ƙasar Sudan.

Ka riƙe shekara ta 1903 a zuciyarka. A cikinta ne Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, yana kan hanyarsa ta hijira zuwa gabas, sauran jama'arsa suka ci gaba da ƙafa har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. A cikin wannan shekara kuma, ran 17 ga Disamba, wasu ƴan'uwa biyu masu gyaran keke a Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirgi mai inji. Tashin farko daƙiƙa 12 kaɗai ya yi, nisansa bai wuce mita 37 ba. Wa zai ce a lokacin wannan abin wasa ne zai mai da tafiyar shekara bakwai ta koma ta yini guda?

Jiragen farko

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo jirgi ƙasashenmu, kuma don bukatar kansu suka kawo shi. Faransa tana riƙe da Aljeriya a arewa, tana riƙe da ƙasashen kudu da hamada, tana son hanya mai sauri da za ta haɗa su. A watan Fabrairu na 1920 wani hafsa mai suna Vuillemin ya tashi daga Tamanrasat ya sauka kusa da Menaka, ya zama na farko da ya ƙetare Sahara ta sama. Jirgin da ya ɗauko Janar Laperrine a wannan tafiya kuwa ɓata ya yi, mai ya ƙare, ya faɗi cikin rairayi, janar ɗin ya mutu a can cikin watan Maris.

Bayan shekara biyar, a watan Fabrairu na 1925, wasu manyan jiragen Faransa biyu da suka taso daga Paris za su tafkin Cadi suka ya da zango a Yamai. Da suka zo tashi sai ɗaya ya faɗo, mai kula da wayar iska ya mutu, Vuillemin da wani matuƙi mai suna Dagnaux suka ji rauni. A cikin shekarar ce kuma wani mutumin Beljiyam, Edmond Thieffry, ya biyo ta Gawo da Yamai da Damagaram zai je Kwango. Ya bar Burusel ran 12 ga Fabrairu, bai isa Kinshasa ba sai 3 ga Afrilu, watau kwana 51. Maƙwabtanmu na Kano su ma a 1925 suka fara ganin jirgi, ran 1 ga Nuwamba, sa'ad da jiragen sojan Ingila uku suka iso daga Masar.

Filin jirgi a wancan zamani ba wani abu ba ne illa fili mai faɗi da aka sare itatuwansa, aka kwashe duwatsu, aka ajiye gangunan mai a gefe. Kuma talakawa ne suka share shi, a zamanin da aikin tilas yake doka. Sai a 1946 aka hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki.

Yamai ta zama zango

A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Garin ƙarami ne ƙwarai a lokacin, amma ya dace da bukatar jirage. Jirgin wancan zamani mai farfela ne, ba ya ɗaukar mai da yawa, ba ya tafiyar dare sai da larura. Tilas ya riƙa sauka yana shan mai, matafiya su kwana, da asuba a tashi. Wanda ya ƙetaro hamada ya huta a Gawo, zangonsa na gaba Yamai ne, sa'an nan Damagaram, sa'an nan Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu.

A 1934 gwamnatin Faransa ta kafa wata hukumar jirage mai suna Régie Air Afrique, ta ba Dagnaux ɗin nan da ya tsira a Yamai shugabancinta. Jiragenta suna ɗaukar wasiƙu da ƴan fasinjoji kaɗan daga Aljeriya zuwa Kwango, suna biyowa ta nan. A 1935 kamfanin Sabena na Beljiyam ya buɗe hanyar Burusel zuwa Kinshasa, tafiyar da ta ci wa Thieffry kwana 51 ta koma kwana biyar da rabi.

To, lura da abu guda. Waɗannan jirage ba don Yamai suke zuwa ba, wucewa suke yi. Masu shiga cikinsu gwamnoni ne, da hafsoshi, da manyan ƴan kasuwar Turai. Ɗan ƙasa aikinsa mirgina gangar mai da ɗaukar akwati. Ƙofa dai an gina ta a gidanmu, amma baƙi ke shige da fice.

Ƴancin kai da jirgin haɗin gwiwa

Da ƴancin kai ya gabato, shugabannin ƙasashenmu suka ga cewa sha'anin jirgin sama ya fi ƙarfin ƙasa guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai suka yi dabara biyu, kuma yana da kyau ka san su duka, don ɗaya ta rayu, ɗaya ta mutu.

Ta farko ita ce hukumar ASECNA, wadda aka kafa ran 12 ga Disamba 1959 a birnin Sanlui na Senegal. Aikinta kula da hanyoyin sama. Kada ka ɗauka sama fili ne da kowa ke bi yadda ya ga dama. Akwai hanyoyi a can, kowane jirgi da tsayin da aka ba shi, kuma akwai ma'aikata a ƙasa da ke magana da matuƙi ta rediyo, suna ce masa hau, ko sauko, ko karkata, don kada biyu su yi karo. An raba samaniyar duniya yanki-yanki, kuma ɗaya daga cikin manyan yankunan Afirka ta Yamma sunan Yamai yake ɗauke da shi. A 1963 aka buɗe makarantar EAMAC a nan Yamai, inda ake koyar da masu ba jirage hanya, da masu duba yanayin sama, da masu gyaran na'urori. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama nan suka yi karatu suka koma suna aiki a filayen jiragen ƙasashensu.

Dabara ta biyu ita ce kamfanin Air Afrique. Ran 28 ga Maris 1961, wata takwas bayan Nijar ta sami ƴancin kai, ƙasashe 11 suka sa hannu a Yawunde: Nijar, da Senegal, da Muritaniya, da Kodibuwa, da Haute-Volta wadda ta zama Burkina Faso, da Dahome wadda ta zama Benin, da Cadi, da Kamaru, da Gabon, da Kwango, da Afirka ta Tsakiya. Kowace ƙasa ta riƙe kashi 6 cikin 100 na jarin, sauran kashi 34 yana hannun kamfanonin Faransa. Aka sa hedkwata a Abijan, aka naɗa wani mutumin Senegal, Cheikh Fal, shugaba. Shugaban Nijar na lokacin shi ne Jori Hamani, tsohon malamin makaranta, wanda daga baya aka sa wa filin jirgin Yamai sunansa. A rubutun Faransanci Diori ake rubutawa, haka za ka gan shi a jikin ginin.

Air Afrique abin alfahari ne a zamaninsa. Baƙar fata ya ga ɗan'uwansa yana tuƙa babban jirgi, ya ga ƴaƴan ƙasarsa suna aiki a ciki. Don zirga-zirgar cikin gida kuma aka kafa Air Niger a 1966, yana haɗa Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas.

Duniya ta koma sama

A daidai wannan lokaci sha'anin jirgi ya sake kama a duniya duka. A 1958 jirgin Boeing 707 ya fara ɗaukar fasinja. Ba shi da farfela, injinsa iska yake zuƙa ya feso ta baya da ƙarfi, gudunsa ya kusa ninka na jiragen da. A 1970 Boeing 747 ya fito, mai ɗaukar mutum fiye da 350 a tashi guda. Da jirgi ya ƙara girma sai kuɗin kujera ya ragu, da kuɗi ya ragu sai matafiya suka ƙaru. A 1970 an ƙidaya fasinjoji wajen miliyan 310 a duniya. A 2019 sun kai miliyar 4 da rabi, watau sun ninka fiye da sau 14. Ka sani dai tafiya ake ƙidayawa, wanda ya hau sau goma an ƙidaya shi goma.

Wannan canji ya zo wa Yamai da fuska biyu. Sabon jirgi ba ya bukatar zango. Wanda ya taso daga Turai za shi Kwango ko Afirka ta Kudu sai ya bi ta samanmu ya wuce, ba abin da ya haɗa shi da mu sai muryar ma'aikacin da ke ba shi hanya. Cinikin zango ya mutu ke nan. Amma kuma garin da kansa ya girma har ya zama wurin zuwa. A 1960 mutanen Yamai ba su wuce 30,000 da ƴan kai ba, a ƙidayar 2012 sun kai wajen miliyan ɗaya. Mu nan Harobanda shaida ne, don kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970 sai da jirgin fito ake ƙetarowa, yau ga jami'a, ga unguwanni, ga gada uku bisa kogi.

Abu uku suka ƙara wa filin aiki a shekarun 1970. Na ɗaya, ma'adinin yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971, wanda ya jawo injiniyoyi da ƴan kasuwa daga ƙasashen waje. Na biyu, babban farin 1973 da 1974, sa'ad da jiragen sojan ƙasashen waje suka riƙa jigilar hatsi zuwa arewacin ƙasa, inda mota ba ta kaiwa da wuri. Na uku, aikin hajji. Sannu a hankali hanyar ƙasa ta mutu, fasfo da biza da takardar allura suka maye gurbin sanda da gora. Daga Yamai zuwa Jidda yanzu tafiyar awa biyar ce zuwa shida. A 2023 kujerun da Saudiyya ta ba Nijar 15,891 ne, kuma kusan dukansu ta sama suke tafiya. Ka kwatanta wannan taro da filin da aka gina don ɗaukar ƴan gwamnoni da jakar wasiƙu.

Yadda Air Afrique ya faɗi

Kamfanin haɗin gwiwa bai daɗe ba sai ɓaraka ta fara. Kamaru ta fice a 1971 ta kafa nata, Gabon ta bi sawu bayan ƴan shekaru. Waɗanda suka rage kuwa kowa yana son a ɗauki mutanensa aiki, ko da bukata ko babu. Gwamnatoci suna karɓar tikiti bashi ba su biya. Manya suna sa a jinkirta tashi don jiran wani babba. Abin kowa, ba mai tsaronsa.

A Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kamfanin da sefa yake sayar da tikiti da yawa, amma bashin jirage da kayan gyara da kuɗin waje yake biya, sai nauyin ya ninka masa dare ɗaya. Masu bin bashi suka ƙwace wasu jiragensa. Daga ƙarshe ya rage da ma'aikata fiye da 4,000 a kan ƴan jirage da ba su kai goma ba. A 2002 aka rufe shi, bayan shekara 41. Air Niger kuwa tun kafin nan ya riga ya kwanta dama.

Filin jirgi ya ga wasu ranakun baƙin ciki a waɗannan shekaru. Ran 19 ga Satumba 1989 wani jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Njamena za shi Paris ya tarwatse a saman Tenere saboda bam da aka sa cikin kaya, mutum 170 suka mutu. Irin wannan ta'asa ce ta sa ake tsananta binciken kaya a filayen jirage, har ka ga ana sa akwatinka cikin na'ura ana leƙa cikinsa. Ran 9 ga Afrilu 1999 kuma, a ɓangaren soja na filin Yamai aka harbe shugaban ƙasa Ibrahim Bare Mainasara.

Bayan mutuwar Air Afrique sai wasu suka cike gurbin. A lokacin Air France ya riƙa kai mutane Paris, Royal Air Maroc yana bi da su ta Kazabalanka. A 2010 kamfanin ASKY ya fara aiki daga Lome, daga baya Air Côte d'Ivoire, da Turkish Airlines, da Ethiopian Airlines suka shigo. Hanyoyi sun ƙaru, ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko Sin ko Istambul ya sami zaɓi. Amma ka duba sunayen nan da kyau, babu na Nijar ko ɗaya a cikinsu.

Babban aikin 2019

Matafiya suna ƙaruwa, gini yana tsufa. Wanda ya san tsohon zauren zai tuna cunkoson lokacin alhazai, da yadda ake fita a bi filin da ƙafa ko cikin mota kafin a kai gindin jirgi. Abin da ya zaburar da gyara shi ne taron shugabannin Tarayyar Afirka da aka shirya yi a Yamai a watan Yuli na 2019. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Turkiyya mai suna Summa, aka kama aiki a 2018. Ran 11 ga Yuni 2019 shugaba Mahamadu Isufu ya buɗe sabon filin. Ran 7 ga Yuli shugabannin Afirka suka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar a nan Yamai.

Me aka gina? An yi sabon zauren matafiya mai hawa biyu, da gadoji masu rufi waɗanda ke manne wa ƙofar jirgi, mutum ya shiga ba rana ba ƙura. An yi masaukin shugabanni, da wurin sauke kaya, an faɗaɗa inda jirage ke tsayawa. Titin tashi da sauka kuma, mai tsawon mita 3,000, aka ƙara masa 800 ya zama 3,800.

Za ka ce, me jirgi zai yi da titi mai kusan kilomita huɗu, ba sama yake bi ba? Ga dalili. Jirgi ba ya tashi sai ya yi gudu a ƙasa har iskar da ke bin fukafukansa ta iya ɗaga shi. Iska mai zafi kuwa sakayau take, ba ta da kauri kamar mai sanyi. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Yamai ke haura digiri 40, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa yana raguwa. Sai babban jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. In titi gajere ne, tilas a rage mai, ko kaya, ko mutane. Ƙarin mita 800 ɗin nan shi ne ke ba jirgi mai nisan zango dama ya tashi da cikakken lodi da tsakar rana.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan zancen. Aikin ya ci wajen sefa miliyar 101, watau yuro miliyan 154. Ba daga baitulmali aka fitar da su ba. Kamfanin ne ya kawo kuɗin ya yi gini, yarjejeniya kuma ta ce shi zai riƙe filin yana gudanar da shi shekara 30, yana mai da kuɗinsa da riba, sa'an nan ya miƙa wa ƙasa. Daga ina zai mai da su? Daga harajin da ke cikin tikitin kowane matafiyi, da kuɗin da jirage ke biya in sun sauka, da na kaya, da hayar kantuna. Ashe dai mu ne masu biya, alhaji da ɗalibi da ɗan kasuwa, kuma ɗan kasuwa a kan kayansa zai ɗora. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da aka buɗe filin, sai ya kai shekara 30 kafin wa'adin ya cika.

Wannan tsari yana da amfaninsa, don an sami gini cikin ƙasa da shekara guda ba tare da an taɓa kuɗin asibiti da na makaranta ba. Yana kuma da nauyinsa, don in haraji ya yi yawa tikiti zai yi tsada, in tikiti ya yi tsada matafiya za su ragu.

Ƙofa takan rufe

Ba a cika shekara da buɗe sabon filin ba sai annobar korona ta ɓullo. A watan Maris na 2020 aka rufe filayen jiragen Yamai da Damagaram, ba a buɗe ba sai 1 ga Agusta. A duniya fasinjoji suka faɗo daga miliyar 4 da rabi zuwa miliyar 1 da miliyan 800. A shekarar ba wanda ya tafi hajji daga ƙasashen waje.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka rufe samaniyar Nijar ran 6 ga Agusta, sai 4 ga Satumba aka buɗe. Air France ya daina zuwa a watan Agustan. Iyakokin ƙasa da Benin da Najeriya suna rufe, mutane suka maƙale a ƙasashen waje, magani ya yi wuya. A nan ne wanda bai taɓa hawa jirgi ba ya gane amfanin ƙofar. Sojojin Faransa da ke zaune a sansanin da ke jikin filin suka fice a Disamba 2023, na Amurka suka bar shi a Yuli 2024.

Abin da tarihin ya nuna

Mai karatu, in ka haɗa farkon labarin da ƙarshensa za ka ga abu guda yana maimaituwa. Sau uku filin nan yana girma. Na fari don Turawa su sami zango, na biyu don sabuwar ƙasa ta shiga sahun ƙasashe, na uku don a tarbi baƙin taro. Gini bai taɓa gagara ba, riƙo ne ke da wuya. ASECNA ta haura shekara 60 tana aiki saboda ta horar da mutanenta, kuma duk jirgin da ya bi samanta sai ya biya. Air Afrique ya mutu saboda masu shi sun ci bashinsa sun ƙi biya.

Har yanzu Afirka, mai kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na duniya, rabonta a tafiyar sama bai wuce kashi 2 cikin 100 da ɗan ɗori ba. Tun 1988 ministocin Afirka suka taru a Yamusukuro suka yi alkawarin buɗe wa juna hanyoyin sama, suka sabunta shi a 1999, aka sake ƙaddamar da shi a Adis Ababa a 2018, amma cikawa tana tafiyar hawainiya. Shi ya sa mai zuwa wata ƙasar Afirka daga Yamai yakan kwana a hanya, ko ya biya kuɗin da ya kai na zuwa Turai. Kano ga ta nan kusa, amma yawancin masu zuwa can mota suke bi.

Saboda haka in ka ji ana zancen filin jirgi, kada ka tsaya ga kyan gini. Ka tambaya: nawa ne harajin da ke cikin tikiti, kuma ina yake zuwa? Ƴaƴan ƙasa nawa ake koya wa tuƙi da gyara da gudanarwa, don ranar da wa'adin shekara 30 zai cika a sami masu karɓa? Naman Nijar da fatunta, waɗanda suka yi suna a kasuwanni, yaushe za su riƙa cika cikin jiragen da ke sauke kaya su koma? Filayen Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa, yaya za a haɗa su da na Yamai a kan kuɗin da malamin makaranta zai iya biya? Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙofa dai ta samu, mai faɗi kuwa. Abin da ya rage shi ne mu shirya hannun da zai riƙe makullinta.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.